Wanda Ya Riƙe Waya Ya Zama Mai Ruwaya

  

Darasin wannan mako ya shafi wani abu ƙarami wanda ya shiga aljihun yara da samari da 'yan mata, watau wayar hannu mai haɗe da intanet, da kuma nauyin da take ɗora wa mai riƙe da ita ko ya sani ko bai sani ba.

A zamanin da, labari da ƙafa yake tafiya. Fatake su kawo shi daga wani gari, sanƙira ya yi shelarsa a kasuwa, kuma kowa ya san bakin da ya fito. Da rediyo da jarida suka zo, sai aka sa editoci waɗanda aikinsu shi ne tace magana kafin ta kai ga jama'a. Amma tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, sa'an nan aka buɗe Facebook a 2004, da WhatsApp a 2009, sai wannan shinge ya faɗi. Yau yaro ɗan shekara 15, yana kwance a ɗakin uwarsa, yana iya aika magana zuwa zaure guda na WhatsApp wanda ke ɗaukar mutum har 1,024, kafin ya tashi kuwa ta ƙetare Kwara ta kai Ikko. Wanda duk ya karɓi magana daga wani ya miƙa wa wani, sunansa mai ruwaya a wurin malamai. Ashe kuwa duk yaron da aka saya wa waya an naɗa shi mai ruwaya, ba tare da an koya masa ladubban ruwaya ba.

Abin da Alƙur'ani ya koyar

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, Allah Ya umurci muminai da su yi bincike idan wanda ba a amince da shi ba ya zo musu da labari, don kada su cuci wasu mutane cikin rashin sani su wayi gari suna nadama. Malaman tafsiri da dama sun ambata cewa ayar ta sauka ne game da ƙabilar Banu Musɗaliƙ, lokacin da aka kawo labarin cewa sun hana zakka, har aka yi niyyar tura musu runduna, alhali kuwa ba su hana ba. Mai karatu ya lura da cewa labari guda ne ya kusa jawo zubar da jinin bayin Allah.

Haka kuma a cikin Suratun Nur, daga aya ta 11 zuwa ta 20, an ba da labarin ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Munafukai ne suka ƙirƙira, amma abin da ya sa maganar ta cika Madina har kusan wata guda shi ne wasu mutanen kirki da suka ji suka maimaita. Aya ta 15 ta zarge su da karɓar magana daga baki zuwa baki ba tare da sani ba, suna ɗaukar abin da sauƙi, alhali mai girma ne a wurin Allah. Da za a nemi siffar mai tura saƙo ba tare da ya tsaya ya karanta ba, da wuya a sami wadda ta fi wannan dacewa. A wannan zamani yatsa ya shiga aikin da harshe ke yi, saboda haka hukuncin harshe ya hau kansa.

Darasi daga malaman Hadisi

Babu wata al'umma da ta sha wahalar tace labari kamar malaman Hadisi. Da ƙarya ta fara yawa bayan fitinu, sai suka kafa ƙa'idar isnadi, watau jerin sunayen waɗanda magana ta bi ta hannunsu har zuwa tushenta. An ruwaito daga Muhammadu ɗan Sirina, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, yana gargaɗin mutane su duba daga wa suke karɓar addininsu. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a 181, ya lissafta isnadi cikin addini, domin in babu shi kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama. Imamul Buhari, wanda ya rasu a 256, ya bar garinsu Buhara ya yi ta yawo a Hijaz da Iraƙi da Sham da Masar don ya ji daga bakin masu ruwaya da kunnensa. Almajirinsa Imamu Muslim, wanda ya rasu a 261, ya kawo a gabatarwar littafinsa hadisin da ke nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya isa ya mai da shi maƙaryaci.

Waɗannan bayin Allah sun gindaya sharuɗɗa biyar kafin su ce hadisi ya inganta: isnadi ya zama a haɗe babu giɓi, masu ruwaya su zama adilai, su zama masu kiyaye abin da suka ji, kada ruwayar ta saɓa wa ta waɗanda suka fi su amana, kuma kada ta ƙunshi wata ɓoyayyar illa. Ba a ce yaro ya zama Buhari kafin ya taɓa waya ba. Abin nufi shi ne ya ɗebi kaɗan daga wannan tarbiyya, domin saƙon da ya zo da alamar cewa an turo shi sau da yawa, ba suna ba tushe, shi ne ainihin abin da malamai ke kira ruwayar wanda ba a san shi ba, kuma ba su kafa hujja da irinta.

Abin da sakaci ya jawo

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Ikko. A farkon Agusta sai saƙo ya bazu ta waya cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna maganinta. Mutane suka yi ta tashin iyayensu da 'yan'uwansu daga barci, kowa yana ganin taimako yake yi. Aka kwantar da mutane a asibiti saboda yawan gishirin da suka sha, har aka sami rahoton rasa rayuka. Ita kuwa cutar, aikin likitoci da killace waɗanda suka kamu ne ya tsayar da ita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarewarta a Nijeriya ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara.

A watan Yuni na 2018, da rikici ya ɓarke a yankin Barikin Ladi na Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa wasu daga cikinsu ba su da alaƙa da wannan rikici, akwai ma wanda aka ɗauka a ƙasar Kongo shekaru kafin haka. Amma kafin gaskiya ta fito, zukata sun riga sun hasala, an tare hanya an kashe matafiya waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A ƙasar Indiya ma, jita-jitar satar yara da aka yaɗa a 2018 ta sa an kashe baƙi a ƙauyuka, abin da ya tilasta wa kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, sa'an nan ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a duniya duka a farkon 2019.

Shi kansa addini bai tsira ba. Dattawa za su tuna da takardar nan da ake rabawa a ƙofar masallatai, wadda aka jingina wa wani wai shi Shehu Ahmadu mai hidimar ɗakin Manzon Allah, ana alkawarin arziki ga wanda ya yaɗa ta da bala'i ga wanda ya ƙi. Malamai irin su Shehu Abdul'aziz ɗan Baz sun yi rubutu sun bayyana cewa ƙarya ce tsagwaronta. Ga shi yau ta bar takarda ta koma waya, da ita da 'yan'uwanta masu cewa a tura wa mutum goma a ga abin alheri kafin dare. Tun ƙarni na shida Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597, ya tara littafi guda a kan hadisan ƙarya, kuma jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba yana cikin manyan zunubai, ko da niyyar mai turawa wa'azi ce.

Tambayoyi huɗu kafin a tura

Saboda haka ya kamata a koya wa kowane yaro ya yi wa saƙo tambayoyi huɗu.

Ta farko, wane ne ya faɗa? In an ce hukuma ce ta yi sanarwa, a nemi sanarwar a shafinta ko a gidan rediyo ko jaridar da aka sani. In an ce hadisi ne, a tambayi malami littafin da yake ciki.

Ta biyu, yaushe kuma a ina? Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan zamani gani ma yana bukatar shaida. Tsohon hoto yakan dawo da sabon suna, kuma da manhaja irin ta Google Lens ana iya gano inda hoto ya fara fitowa. Ƙirƙirarriyar basira kuwa tana iya kwaikwayon fuska da muryar malami ko shugaba, ta sa masa maganar da bai taɓa yi ba. Akwai ƙungiyoyi masu aikin tantance labari, kamar Africa Check da aka kafa a 2012 da Dubawa da aka kafa a 2018.

Ta uku, me wannan saƙo yake so a ji a zuci? Duk saƙon da ke hura wutar fushi ko tsoro, yana cewa a yi maza a yaɗa, to gaggawar nan ita ce alamar illarsa. Gaskiya ba ta lalacewa don an jinkirta ta zuwa safiya.

Ta huɗu, ko da gaskiya ne, ya halatta a yaɗa? Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane da giba. Hoton wanda hatsari ya rutsa da shi, da bidiyon yarinyar da ta yi kuskure, da muryar da aka naɗa a ɓoye, duk mutuncin Musulmi ne ko na maƙwabci. Magana zarar bunu ce, abin da ya shiga intanet kuwa ko mai shi ya goge, wani ya riga ya adana.

Tsare kai daga mayaudara

Wannan ɗabi'a ta bincike ita ce kuma garkuwar yaro daga 'yan damfara. Mai kira ya ce daga banki yake, ko ya ce an ci kyauta, ko ana rabon tallafi, sai a ba shi lambar sirri ta kati, ko lambar da ta shigo waya yanzun nan. Banki ba ya neman waɗannan ta waya, kuma wanda ya ba da lamba shida da WhatsApp ya aiko masa ya miƙa ɗakinsa da mabuɗi, domin da sunansa za a bi 'yan'uwansa ana roƙon kuɗi. Maganin wannan shi ne a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma a kira mutum a ji muryarsa kafin a aika masa ko sisi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Mafi muni shi ne baƙon da ke zuwa da hoton ƙarya da daɗin baki, har ya sa yaro ko yarinya su aika hoton da bai kamata ba, sa'an nan ya juya yana barazanar tona asiri in ba a biya shi ba. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya masu alaƙa da wannan ta'asa. Samarin da ke wannan sana'a su sani cewa cin dukiyar mutane da zalunci haramun ne, Musulmi aka cuta ko wanda ba Musulmi ba, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri. Wanda aka yi wa barazana kuwa kada ya biya, domin biya ba ya ƙosar da azzalumi. Ya adana shaida, ya toshe mai barazanar, ya gaya wa babba.

Nauyin iyaye da malamai

A nan ne aiki ya dawo kan iyaye. Yaron da ya tabbata duka da tozarci ne ke jiransa ba zai faɗi abin da ya same shi ba, shirunsa kuwa shi ne jarin mayaudari. Lalle ne uba da uwa su buɗe ƙofar magana tun kafin a shiga uku. Kamfanonin nan da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu a Facebook da Instagram da TikTok, bai kamata iyaye su fi su sakaci ba. A sa wa waya lokaci, kada ta kwana a shimfiɗar yaro, kada kuma ta ci lokacin salla da karatu. Malaman Islamiyya su shigar da wannan babi cikin darasin ladubba, kusa da ladubban sallama da na neman izinin shiga gida. Sai dai kuma uban da ke tura duk abin da ya shigo wayarsa ba shi da bakin yi wa ɗansa faɗa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da abin da ya gani a gida yake tanƙwaruwa.

Waya ni'ima ce. Da ita ake sauraron tafsiri, ake sada zumunci, ake neman ilmi da halaliya. Amma Suratul Isra'i, aya ta 36, ta tunatar cewa ji da gani da zuciya duk za a yi tambaya a kansu. Wanda ya tsaya ya bincika kafin ya tura bai yi asarar kome ba sai 'yan mintoci, wanda ya yi gaggawa kuwa yana iya ɗaukar alhakin da ba zai san yawansa ba sai ranar hisabi.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya tsare harsuna da yatsu daga abin da zai jawo nadama, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.