Idan Murya Ta Dushe Ta Ƙi Dawowa, A Duba Ƙirji

Duk wanda ya tashi a Wurno, Rabah ko Goronyo ya san abin da hunturu ke yi wa murya. Ƙura ta cika maƙogwaro, a sha citta da zuma, bayan kwana uku murya ta dawo. To amma 'yan uwa ɗalibai, akwai dushewar muryar da ba ruwanta da sanyi, daga zuciya take tasowa.

Ga yadda abin yake. Jijiyar da ke motsa tantanin murya na hagu tana saukowa ta wuya har cikin ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya, sannan ta koma maƙogwaro. Idan wani abu ya kumbura a wannan lungu sai ya matse ta, tantanin ya daina motsi, murya ta fito a shaƙe ba tare da mura ba.

Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Norbert Ortner, ya bayyana wannan a 1897, a marasa lafiyar da wata ƙofar zuciyarsu ta ɓangaren hagu ta tsuke. Jini ya kan taru a bayan ƙofar, ɗakin zuciyar da jijiyar jinin huhu su kumbura. A wajenmu, yawanci abin da ke lalata ƙofar shi ne ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa maganin fenisilin ba. Ya kan jawo zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, ɓarnar ta bayyana bayan shekaru. Ga manya kuma, babbar jijiyar ce kan kumbura, musamman masu hawan jini.

Ciwon ba shi da yawa, amma kar ka yi wasa idan dushewar ta wuce mako uku, balle in akwai haki wajen hawa bene, kumburin ƙafa, ƙwarewa wajen shan ruwa, ko kasa kwanciya sai da matashi biyu. Ka je asibiti. Idan an tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, za a leƙa maƙogwaro, a ɗauki hoton ƙirji da na zuciya. In aka gano da wuri aka yi magani, murya kan iya dawowa.

In ka je hutu kuma, ƙaninka ya yi kukan maƙogwaro da zazzaɓi, ka kai shi wajen likita tun ranar.