Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Masar

A dogon hutun shekarar 2023, sa'ad da damina ta kankama a gida, Allah ya nufe ni da zuwa Masar wurin kawuna da yake karatu a Jami'ar Azhar. Can ba damina ba ce, zafi ne mai ƙuna. Na so in ba ku labarin abin da na gani, ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, domin wanda ya je gari ya dawo bai ba da labari ba, kamar bai je ba ne.

Kwana biyu da saukata, Kawu ya ɗauke ni zuwa tsohuwar Alƙahira, unguwar Kibɗawa, watau Kiristocin Masar na asali. Muka tsaya ƙofar wani coci da ake kira Mu'allaƙa, ma'ana ratayayye, domin a kan ƙofar wata tsohuwar ganuwar Rumawa aka ɗora shi. Nan fa na ja tunga. Ban taɓa shiga coci ba, kuma na tuna irin maganar da za a yi a gida in aka ji. Kawu ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kallo muka zo, ba ibada ba. Shiga da ladabi kamar yadda za ka so baƙo ya shiga masallacinku." Na shiga jiki ba ƙwari. Da muka fito kuwa, ba mu yi wata doguwar tafiya ba sai ga masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko a Masar, wanda aka kafa wajen shekarar 642. Nan muka yi azahar.

Amma babbar tafiyar ita ce ta Sina'i. Muka shiga mota, muka bi ta hanyar da aka haƙa ƙarƙashin Mashigin Suwes, muka miƙa kudu. Rairayi ne da duwatsu jajaye, ba ciyawa ba inuwa. Sai can muka faɗa kwarin Fairan, inda dabino ya cika tsakanin duwatsu, ido ya huta.

Da tsakar dare aka tashe mu hawan Dutsen Musa, inda mutane da yawa suke ganin nan ne Allah ya yi magana da Annabi Musa. Tsawonsa mita 2,285 ne. Da Kawu ya ce in ɗauki rigar sanyi dariya na yi, na ce wane irin sanyi a watan Agusta? Ashe ƙarya nake yi. Muna kaiwa ƙololuwa, bayan matakala 750 na ƙarshe, haƙorana suka kama kaɗawa, sai da na yi hayar bargo wurin wani Balaraben jeji. Da rana ta ɓullo, duwatsun nan suka rine kamar garwashi, kowa ya yi tsit.

A gindin dutsen, cikin wani matsattsen kwari, akwai gidan ibada na Santa Katarina, inda masu zuhudu na Kirista suke zaune, ba aure ba fatauci. Sarkin Rum Jastiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin shekarar 548 da 565. Ku lissafa da kanku: an gama shi tun ba a haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Kuma tun daga lokacin ba a daina zama cikinsa ba. Ganuwarsa ta dutse ce mai kauri, kuma a dā da igiya ake jawo baƙo da kaya ta wata taga can sama, saboda tsoron mahara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a cikin ganuwar nan, dab da hasumiyar ƙararrawar coci, ga hasumiyar masallaci a tsaye. An yi masallacin a zamanin Faɗimawa, wajen shekarar 1106. Larabawan wurin, waɗanda ake kira Jabaliyya, Musulmi ne, amma kaka da kakanni su ne masu hidimar gidan da lambunansa. Aka kuma nuna mana kwafin wata takarda mai hoton tafin hannu, wadda mutanen gidan suka ce alkawarin amana ne da Annabi ya ba su, suka ce ta asalin an kai ta Istanbul a shekarar 1517. Masana suna muhawara a kan asalinta. Ni dai abin da idona ya gani shi ne, dauloli sun zo sun shuɗe, gidan yana nan ba wanda ya rushe shi.

Suna da ɗakin littattafai mai rubuce-rubucen hannu fiye da 3,000, cikin Girkanci da Larabci da Siriyanci da wasu harsuna. Iskar wurin busasshiya ce, shi ya sa takarda ba ta ruɓewa. Nan na tuna da kundayen kakana da gara ta cinye a zaure, raina ya ɓaci ƙwarai.

Daga nan muka gangara Dahab, wani ƙaramin gari a bakin Bahar Maliya. Sunan da Larabci zinariya yake nufi. Dā ƙauyen masunta ne, yanzu kuwa baƙi daga Turai sun cika shi suna ninƙaya don kallon kifaye masu launi-launi. Ni da ban iya ruwa ba, iyakar gwiwa na tsaya. Da yamma Kawu ya nuna mini wasu duwatsu dishi-dishi a hayin teku, ya ce ƙasar Saudiyya ke nan.

Da na dawo gida, Baba ya tambaye ni ko gaskiya ne har coci na shiga. Na ce gaskiya ne, na miƙa masa hoton hasumiyoyin nan biyu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira Inna ya ce ta zo ta gani.