Yadda ake kula da yaro mai nauyin baki da nauyin ƙafa

A Babankatami, kamar sauran garuruwan Buza da Madawa da Keita, idan sa'o'in yaro suka tashi suka bar shi a zaune, abin da ake ce wa uwa shi ne: "Ki yi haƙuri, ubansa ma haka ya yi." Wani lokaci gaskiya ne. Amma haƙurin yana da wa'adi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kowane lafiyayyen yaro yana zama da kansa zuwa wata 9, yana tafiya zuwa wata 18. A shekara 2 ana sa ran ya haɗa kalma biyu, irin su "Inna zo". Wanda ya wuce wannan, ko ya iya abu sannan ya daina, ba jira ya kamace shi ba.

Da farko ki ɗauki katin awonsa ki kai shi gidan likita. Tun 2006 dokar Nijar ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da yake magani kan yanke. Ki roƙi a auna damtsensa (ja a jikin ma'aunin, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani), a duba jininsa, a leƙa kunnensa. Ki faɗi komai: doguwar naƙuda, rashin kuka da aka haife shi, shawara a makon farko, sanƙarau, zazzaɓi mai jijjiga. Idan aka ba shi Plumpy'Nut, abincin masu tamowa, maganinsa ne, kada a raba da yayyensa. Idan aka tura ki Buza, Madawa ko Galmi, ki je. Ƙafa karkatacciya kuwa ana gyaranta a asibitin CURE na Yamai.

Na biyu, gwada jinsa a gida. Ki tsaya bayansa inda ba ya ganinki, ki kira sunansa a hankali, sannan ki buga cokali a kwano. Ki maimaita a ranaku daban-daban. Yaron da ba ya waiwaye, ko kunnensa ke zubar da ruwa, matsalarsa tana iya kasancewa a kunne take, ba a harshe ba. Saboda haka kada a yi saurin kiran wanzami ya yanke linzami. Da wuya linzami ya hana magana, aska kuwa tana jawo zubar jini da ruɓewar miki.

Na uku shi ne babban aikin, kuma ba ya cin ko dala: ki sauke shi daga goyo. Goyo alheri ne, amma yaron da ya yini a baya ba ya ganin bakin uwarsa, ba ya kuma aiki da ƙafarsa. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, nesa da murhu da rijiya. Wanda bai fara rarrafe ba, a kwantar da shi rub da ciki yana farke, a aje ƙoƙo ko ludayi ɗan nesa da hannunsa. Mai rarrafe, a kife masa turmi ya dafa ya miƙe. Mai tsayuwa, kafinta ya yi masa keken katako mai ƙafa uku, ya tura a kan rairayi ba takalmi. Kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi dogon horo sau ɗaya. Idan gaɓoɓinsa suna sandarewa, kada a miƙe su da ƙarfi; a nemi likitan gashin ƙashi ya nuna miki da hannunsa.

Maganar kuma cikin aiki ake koya ta. Ki durƙusa fuskarki ta daidaita da tasa, ki riƙa kiran sunan abin da kike yi: ruwa, kunu, akuya, zafi. Ki ɗaga abu biyu ki ce, "Fura ko ruwa?" sannan ki yi shiru ki jira. Jiran nan ne ya fi yi wa iyaye wuya, don tausayi yana sa a miƙa wa yaro abu tun bai nema ba. Ya nuna da yatsa, ki karɓa, ki faɗa masa sunan. Ya ce "wa", ki amsa, "I, ruwa", ba gyara, ba dariya. Kaka da yayye su shiga da tafi da wasa. Bar masa waya yana kallo ba koyarwa ba ne. Amma maigida da ke cin rani a Abijan ko Libiya, in ya kira, a kara wa yaron ya ji muryarsa.

Kunun gero zalla ba ya gina jiki. A ƙara garin ƙuli-ƙuli, wake, zogale, ƙwai ko nono, a yi girki da gishiri mai aidin. Idan yana ƙwarewa, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi mai kauri a hankali.

Da damina ya kwana a gidan sauro, kada kuma ya rasa zagaye ko ɗaya na maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa ƴan wata 3 zuwa 59. Kowane wata ki riƙe sabon abin da ya iya, ki gaya wa likita ranar awo.