Ƙaramar Mesa a Ɗakin Kwano

Ni matashi ne daga Cheberu a jihar Kebbi. Wani direba da ke zuwa Kwatano ya kawo mini ɗan maciji, ya ce irin ƙaramar mesar nan ce da Turawa ke kiwo a gida, ba ta da dafi. In an taɓa ta sai ta dunƙule kamar gammo, ta cusa kai tsakiya. Na saka ta a akwatin gilashi cikin ɗakina, na kunna mata ƙwan fitila yadda na gani a YouTube. Makonni ke nan ta ƙi cin komai, saɓar da ta yi ma ba ta fita duka ba, ta manne mata a kai da wutsiya. Ga Inna ta rantse ba za ta ci gaba da kwana gida ɗaya da maciji ba. Ina mafita?

Wani matashi, Cheberu

Ƙanena, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka kashe fitilar. Masu bidiyon da ka kalla a Amurka da Ingila suke, inda sai an ƙirƙira wa dabbar zafi. Kai kuwa a jihar Kebbi kake, inda zafin bazara ke haura digiri 40, balle a ɗaki mai rufin kwano. Mesar nan tana son wuri mai ɗumi da bai wuce digiri 32 ba, da wani ɓangare mai sanyi kamar 26 da za ta koma in ta gaji. A daji yini take a ramin ɓera ko cikin suri, sai dare ya yi ta fito. Gilashi da haske ko'ina, ba maɓoya, shi ne babban abin da ya hana ta ci.

Dunƙulewar da ka bayyana alama ce mai kyau, don halin ƙaramar mesa ne, wadda da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Duk da haka ka kai ta wa likitan dabbobi ya tabbatar. Jaririyar babbar mesa ma kyakkyawa ce, amma tana iya kai mita huɗu, kuma ba abar ajiyewa ba ce a gidan da ke da yara da awaki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi. A can za a duba mata kaska da tsutsar ciki, waɗanda kusan duk wadda aka kamo daga daji ke zuwa da su.

Wurin zama ba ya buƙatar kuɗi da yawa. Nemi babbar roba mai murfin da ke kamawa gam, ka huhhuda gefenta don iska. In ta girma za ta buƙaci akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60. Shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, ban da garin katako. Kife kasko biyu da aka fasa wa baki, ɗaya a kowane gefe, su matse ta kaɗan, don a matsi take samun natsuwa. Sai kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. Ajiye robar a ƙasa cikin ɗakin soro, nesa da taga, ka sayi ma'aunin zafi ka daina cinta da tafin hannu. Murfin nan kuwa kar ka yi wasa da shi: ran da ta fita ta shiga gidan maƙwabta, sanda za ta fara isa gare ta kafin bayaninka.

Saɓar da ta manne aikin bushewar iska ne. Tana son laima kamar kashi 60 cikin ɗari, hunturunmu kuwa ka san yadda yake fasa leɓe da diddige. Sa tsumma mai danshi a ƙarƙashin kasko ɗaya, ka bar ta ta goge da kanta. Kada ka ɓare da farce, musamman ta kan ido. A dararen Disamba da Janairu kaɗai za ta buƙaci ɗumi, nan ma gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane, a jingine ta wajen robar, ta wadatar.

Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Kada ka kuskura ka ba ta ɓeran rumbu ko na shago, domin rabin gari na zuba maganin ɓera, kuma wanda ya ci guba yakan yi kwanaki yana yawo. Dole ka yi kiwon ɓerayenka, in ba za ka iya ba to ba ka shirya riƙe mesa ba. Bar ta mako guda ba taɓawa, sannan ka miƙa mata mataccen ɓera mai ɗumi da dare, wanda kaurinsa bai fi tsakiyar jikinta ba. Rayayye in aka bar shi da ita yana iya gwaguyarta. Ƙarama na ci duk mako, babba duk mako biyu, bayan ci kuma a ƙyale ta kwana biyu. Ka riƙa wanke hannu da sabulu, don kashin maciji na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi.

Direbanka ma ya jawo maka magana. Togo da Benin da Gana su ne suka fi fitar da irin wannan mesa zuwa Turai da Amurka, amma da takardun yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES ta 1973, wadda Najeriya ke ciki. Tsallako da ita iyaka a aljihun mota saɓa doka ne.

Batun Inna, ina bayanta. A ƙasar da kububuwa da kasa ke sarar manoma kowace damina, tsoronta ba ƙauyanci ba ne, gidan kuma nata ne. Dabbar nan tana kai shekara 20 zuwa 30 a raye, ba abin da za ka ɓoye ƙarƙashin gado ba ne. Zauna da ita, ka sa kawunka ko wani babba ya shiga maganar. In ta tsaya kan bakanta, kada ka sayar wa gardi, kada kuma ka sake ta a bayan gari. Kai ta ofishin ma'aikatan gandun daji a Birnin Kebbi, ka faɗa musu yadda ta zo hannunka.