Yadda Za Ka Bi Diddigin Sunan Iskar Radon

Ɗalibin da ya san dalilin da ya sa ake ce wa wannan iska radon ya riga ya san inda take fitowa. Tanadi jadawalin sinadarai, da ƙamus mai nuna tushen kalmomi, da takarda da biro.

1. Fara da jadawalin. Nemi rukunin ƙarshe na hannun dama, ka gangara har lamba 86. Alamarta Rn. Kula, kada ka haɗa ta da Ra mai lamba 88. Wancan radiyam ne, ƙarfe ne ba iska ba.

2. Rubuta kalmar, ka raba ta gida biyu: "rad" da "on".

3. Bi sawun "rad" tukuna. Daga sunan radiyam aka yanko shi, wato sinadarin da Marie da Pierre Curie suka gano a 1898. Shi kuma radiyam daga kalmar Latin ya fito, "radius", haske mai fita a miƙe kamar na rana.

4. Koma kan "on". Haura sama a rukunin nan, za ka tarar da zenon, kirifton, argon da neyon. An yi mata wutsiya irin tasu don a nuna danginta.

5. Jera shekarun bi da bi. A nan ake yawan tuntuɓe, don sunan bai zo rana ɗaya ba. A 1900 Friedrich Ernst Dorn, masani a Jamus, ya lura radiyam yana fitar da wata iska, aka riƙa kiranta abin da ke fita daga radiyam. A 1910 William Ramsay da Robert Whytlaw-Gray suka auna nauyinta a Landan, suka ba da shawarar "niton", daga kalmar Latin mai nufin ƙyalli. Sai a 1923 kwamitin masana na duniya ya karɓi "radon". In ka ga Nt a tsohon littafi, ita ce.

6. Rubuta ma'anar a jimla ɗaya: iskar da radiyam ke haifarwa yayin da yake ruɓewa. Sannan ka ƙara da abin da sunan bai faɗa ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana tasowa daga ƙasa da duwatsu masu yuraniyam, ta taru a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan abubuwan da ke jawo kansar huhu bayan taba sigari. Idan za ka koya wa wani sunan, kada ka tsallake wannan.