Ku Buɗe Bakin Yaro Ku Duba

Jama'a, akwai wata magana da ake yi a gidajenmu wadda ta jawo wa yara wahala mai yawa. Yaro zai zo yana dafe da kunci yana kuka, a leƙa a ga baƙin rami a turminsa, sai uba ya ce, "Ƙyale shi, ai na nono ne, in ya yi famfara wani zai fito." Kaka kuma ta ce tsutsa ce, a nemo mai cire tsutsa. Duka maganganun biyu kuskure ne, kuma masu bincike sun daɗe da gano inda gaskiyar take. Lamarin ba ƙarami ba ne: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke da ruɓa a haƙoransu na nono.

Abin da ke cin haƙori

Kankare haƙorinka da farce da sassafe, za ka ga wani farin abu mai danƙo. Ƙwayoyin cuta ne cunkushe a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani. Tun a 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Miller, da ke aiki a Balin ta Jamus, ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi suna cin sukari da ragowar abinci, su fitar da wani tsami da ake kira asid, shi kuwa ya dinga narkar da farin ɓawon haƙori har rami ya faɗa. Wannan ita ce tsutsar, ba wata.

A farkon shekarun 1940 wani masani mai suna Stephan ya auna tsamin da ke kan haƙori. Ya ga cewa mintoci kaɗan bayan sukari ya shiga baki tsamin yake tashi, kuma sai an ɗauki rabin sa'a ko fiye kafin yawu ya wanke shi, ya soma mayar wa haƙori abin da ya rasa. Ku lura da wannan da kyau, don nan ne gaɓar zancen. Ɗauki yara biyu, kowa an saya masa gullisuwa guda shida. Na farko ya cinye nasa gaba ɗaya bayan tuwo. Na biyu ya zuba a aljihu, yana tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga hantsi har la'asar. Sukarinsu ɗaya, amma na farko sau ɗaya tsami ya taɓa haƙoransa, na biyu kuwa wuni suka yi jiƙe cikinsa, yawu bai sami sararin yin gyara ba.

An tabbatar da haka a wani asibiti da ake kira Vipeholm a ƙasar Suwidin, cikin binciken da aka fara a 1945 aka fitar da sakamakonsa a 1954. An riƙa ba majinyata alewa mai manne wa haƙori tsakanin abinci da abinci, haƙoransu suka lalace ƙwarai, alhali waɗanda ake ba sukarin tare da abinci ɓarnar tasu kaɗan ce. Bincike ne na zalunci, domin masu taɓin ƙwaƙwalwa aka yi wa, ba da yardarsu ba, kuma yau babu hukumar da za ta amince da irinsa. Amma daga nan ne mutanen Suwidin suka ɗauki al'adar ba yara alewa ranar Asabar kaɗai.

Mafi muni shi ne zaƙin dare. In mutum ya yi barci yawu yana raguwa. Uwar da ke kwantar da jariri da fida cike da shayi mai sukari ko lemon kwalba, don ya yi shiru, ita za ta ga haƙoran gaba na sama sun fara yin fari kamar alli a gindi, daga baya su yi ja, su guntule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa ko babba ma ya fi masa kyau kada ya wuce wajen ƙaramin cokali shida na sukari a rana. Kwalba ɗaya ta lemo mai zaƙi ta zarce haka.

Haƙorin nono da turmin shekara shida

Haƙoran nono guda 20 ne. Suna fara tsirowa wajen wata shida, na ƙarshensu kuwa ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Wanda turminsa ya ruɓe yana ɗan shekara huɗu ke nan zai yi shekaru yana fama: ba ya iya tauna, ba ya barci, ga fashin makaranta. In aka cire shi da wuri, na kusa da shi su matso su cike giɓin, na dindindin ya zo bai sami wuri ba, ya fito a karkace.

Ga kuma wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara shida, wani babban turmi yakan fito can ƙurya, bayan na nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda haka ake zaton na nono ne. Na dindindin ne, ba shi da magaji, kuma shi ne ya fi saurin ruɓewa domin samansa duk kwaruruka ne. Ku sa yaro ya yi hamma a gaban haske, ku ƙirga daga tsakiya: haƙori na shida shi ne.

Man goge baki da aswaki

A 1901 wani matashin likita, Frederick McKay, ya isa garin Colorado Springs a Amurka ya tarar da haƙoran mutane duk tabo ruwan ƙasa, amma abin mamaki ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gano cewa wani sinadari ne mai suna fuloraid da ya yi yawa a ruwan shansu. Da aka fahimci cewa kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, sai birnin Grand Rapids ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945, kuma bayan shekara 11 ruɓar haƙori ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100 a yaran da aka haifa bayan haka. Shi ne ake sawa yau a man goge baki.

Sai dai komai ya wuce kima ya zama cuta. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai yawan fuloraid ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Don haka a gwada man: ɗan ƙasa da shekara uku a shafa masa kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida ƙwayar wake. A goge sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci. In an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa, don sinadarin ya zauna ya yi aikinsa. Babba ne zai riƙa goge wa yaro, ko ya tsaya a kansa, har ya kai shekara bakwai; ɗan shekara huɗu da aka miƙa wa buroshi lashe man kawai zai yi.

Aswaki fa? Sunna ce, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa wanda ya iya shi yana fitar da datti kamar mai buroshi. Kuskurenmu shi ne a maƙala shi a baki ana yawo, a goge na gaba, a manta da turame. Ni dai a ganina a haɗa biyun: aswaki da rana, buroshi da mai safe da dare.

Samari da 'yan mata nasu daban ne. Lokacin balaga dasashi yakan kumbura ya riƙa jini, sai a ji tsoro a daina gogewa, alhali dattin ne ya kawo jinin, gogewar ce maganinsa. Masu zuwa a feƙe musu haƙori don wushirya kuwa su sani ɓawon da aka kankare ba ya tofowa. In haƙori na dindindin ya fita a wajen ƙwallo, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a jefa cikin madara a garzaya asibiti cikin sa'a guda, sau da yawa akan dasa shi ya kama.

"Haƙori ne yake yi"

Jariri ya yi zawo da zazzaɓi mai zafi, sai a ce haƙori ne. Bincike ya nuna tsirowar haƙori na kawo ƙaiƙayin dasashi, dalalar yawu da rigima, amma ba ya kawo zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Lokacin ne dai yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Mai irin wannan ciwo asibiti za a kai shi, kada a tsaya sayen maganin haƙori a kemis. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin da gurɓataccen sinadari a cikinsa ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya tsakanin 2008 da 2009.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi, kuma a ƙasarmu yake. Cutar noma tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Daga ɗan gyambo a dasashi take farawa, da jini da wari mai tsanani, sai kunci ya kumbura, cikin kwanaki ta huda shi ta ci har ƙashi. In ba a yi magani ba takan kashe har tara cikin goma. In kuwa an gan ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Akwai asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato tun 1999, akwai cibiya a Damagaram, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Uwar da ta ji bakin ɗanta marar lafiya ya canja wari, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi. In ta ga gyambo ko kumburi, kada ta jira mai magani ya zo ranar kasuwa, ta kai shi asibiti mafi kusa a ranar.