Tsatsa a Teburin Injin Katako na Hannu

Kafinta, idan ka sayo injin fera katako na hannu ka tarar da teburinsa ya yi ja, kada hankalinka ya tashi. Teburin ƙarfen zubi ne, galibi tsatsar a sama kawai take.

Fara cire wuta. Zuba kananzir ya jiƙa wurin, ka kwantar da reza ka kankare a hankali. Sannan ka naɗa sanfefa mai lamba 400 a jikin shafaffen katako, ka goge teburin gaba ɗaya. Don Allah kada ka sa garanda. Teburin zai yi ƙyalli, amma garandar za ta bar masa kwari, daga nan duk katakon da ka fere sai ya fito a karkace. Ƙananan ramukan da tsatsa ta ci kuwa, ƙyale su, ba sa hana aiki. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ka leƙa ƙarƙashinsa: in haske na ratsowa, a nan matsala take.

Bayan haka shafa kaki ka goge. Kada ka shafa baƙin mai, domin yana ɓata katako, yana kuma tara diddiga. Da damina lulluɓe injin da zane, ba da leda ba, domin leda tana riƙe danshi.